Labarin Wasila, Sunan Attahiru

Da hantsin wata Asabar Wasila tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, sai ta ji motsi a bayan ɗakinta. Ta ajiye rariya ta shiga. Hasken da ya saba faɗowa kan gadonta ya ragu da rabi. Da ta ɗaga kai sai ta ga hannun magini ta waje, yana jera tubali a cikin 'yar tagarta yana shafe shi da laka.

Ta juya ta dubi mijinta Attahiru, wanda ke zaune bakin gado yana goge takalmi.

"Malam, me ake yi wa tagar?"

Bai ɗago ba. "Toshe ta za a yi. Wai masu wucewa ta lungu suna jin muryarki."

"Wa ya ce?"

"Inna ce da Yaya Dalhatu. Ki yi haƙuri, kin san ba ni da ta cewa a gidan nan. Kwana nawa ya rage mu koma Gusau?"

Wannan tambaya ta daɗe tana jin ta. Wasila 'yar Bungudu ce, ɗiyar Malam Muhammad Sani, manomin da ya sa 'yarsa boko a lokacin da maƙwabta ke yi masa dariya. Ta gama makarantar horon malamai mata, aka tura ta gwajin koyarwa wata firamare a Gusau. A can ta haɗu da Attahiru, malamin Hausa a wata sakandare da ke kusa. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna suka so. Wasiƙun da ya yi mata sun cika ƙaramin akwati. Ranar da ya je gaishe da mahaifinta, da bakinsa ya durƙusa ya ce, "Baba, in na hana ta aiki, Allah ya tambaye ni."

An ɗaura aure a farkon 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa, ana neman malamai ruwa a jallo. Wasila ta riga ta cika takardar neman aiki. Attahiru ya ce bari ya ajiye ta a gidansu na Tsafe wata biyu kacal, kafin ya samu gidan haya a Gusau. Wata biyun nan ne suka zama shekara ɗaya da rabi.

Gidan babba ne, zaure uku ake ratsawa kafin a kai ga mata. Tun rasuwar mahaifinsu, wansa Dalhatu, mai cinikin gyaɗa da auduga, shi ne mai gida, kuma a dokarsa mace ba ta taka zauren farko sai biki ko rasuwa. Matarsa Hanatu ta saba. Mahaifiyarsu kuwa, Inna Uwani, tsohuwa ce marar magana, kullum tana gindin bango da mazarinta tana kaɗi.

Attahiru yakan zo ran Juma'a da yamma a kan babur, ya koma Lahadi. Duk zuwa sai Wasila ta tambaye shi, "Takardar aikin ba ta fito ba?" Ya ce shiru har yanzu. Ta ce, "Ƙawata Rahila fa? Ta ce za ta zo, ban gan ta ba." Ya ce ai ta zo sau biyu, Inna ce ta sa aka mayar da ita daga zaure.

Saboda haka Wasila ta ƙullaci tsohuwar. Tana gaishe ta a durƙushe, tana kai mata tuwo, tana wanke mata kaya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama kusa da ita don hira ba.

Bayan an toshe tagar, ko da rana tsaka sai ta kunna fitila. Wata rana tana gyara akwati ta ci karo da ragowar littattafan rubutunta na makaranta. Ta ɗauki biro don ta rage zaman banza, sai ga shi ta fara labari. Ta ƙirƙiro wata mace, ta sa mata suna Asabe, wadda aka kawo wani gari aure amma ba ta san garin ba sai da kunne. Tana gane ranar kasuwa da kukan jakuna. Tana gane motar da ta nufi Funtua da wadda ta nufi Gusau. In an kaɗa ƙararrawar makaranta sai ta miƙe tsaye ita kaɗai a ɗaki, kamar mai shirin shiga aji. Duniyarta duka taku goma sha bakwai ce, daga bakin ƙofarta zuwa rijiya. A cikin labarin akwai uwar miji, wadda ke ɗaure mabuɗin gida a bakin zaninta.

Wata uku tana rubutu. Wata Asabar Attahiru ya ga littafin a ƙarƙashin matashi. Ya zauna ya karanta tun daga farko har ƙarshe, bai ko taɓa furar da ta dama masa ba. Da ya gama idanunsa sun yi ja.

"Wasila, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce. Shirme ne kawai na zaman kaɗaici."

"Ba shirme ba ne. Shekarata shida ina koyar da Hausa, ban taɓa rubuta shafi ɗaya kamar wannan ba. Bari in tafi da shi a buga miki da tafireta, kada ya lalace."

Ta ji wani daɗi da ta manta irinsa. Ta ce a ranta, yanzu da ya karanta ya gane, ba zai ƙara barin ta a nan ba. Da hannunta ta sa masa littafin a jaka.

Aka yi wata biyu bai ƙara tayar da zancen ba. In ta tambaya sai ya ce mai bugawar ne ke da aiki da yawa.

Ran wata Laraba bayan la'asar, matan gidan suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, rediyon da Attahiru ya saya wa Inna yana ajiye kan turmi. Sai mai gabatarwa ya ce yau za a karanta labarin da ya zo na ɗaya a gasar da wata ƙungiyar malamai ta shirya. Sunan labarin "Taku Goma Sha Bakwai", wanda ya rubuta kuwa Malam Attahiru Tsafe.

Hanatu ta yi guɗa. "Inna, ɗanki ne a rediyo!"

Wasila ba ta motsa ba. Tana ji aka fara karanta kalmominta ɗaya bayan ɗaya, ba a canza ko wasali ba. Ga kukan jakuna, ga ƙararrawa, ga tsohuwa mai mabuɗi. Da aka gama sai ta ji muryar mijinta, ana hira da shi.

"Malam, yaya aka yi namiji ya san cikin zuciyar mace haka?"

"To, sai an zauna an yi nazari," in ji Attahiru. "Na daɗe ina tausaya wa matanmu da aka rufe a ɗaka kamar hatsi a rumbu. Lokaci ya yi da za a buɗe musu ƙofa."

Faifan da ke kan cinyar Wasila ya zame, gyaɗa ta watse. Ta tashi ta shige ɗaki, ta zauna a ƙasa cikin duhu. Kukan ma da farko ƙin zuwa ya yi.

Ba a jima ba aka ɗaga labule. Inna Uwani ce, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin ba tun ranar da aka kawo amarya. Ta lalubi bakin gado ta zauna.

"Ɗiyata, wanga labari ba Attahiru ya yi shi ba. Yaron da bai san inda ake aje guga ba, ina ya san taku nawa ne zuwa rijiya? Ni na sani. Sha bakwai ne daga nan, ashirin da biyu daga nawa ɗaki. Ke kika yi shi."

"Ni ce, Inna."

"To, wagga tsohuwa mai mabuɗi a bakin zane, ni ce?"

Wasila ta sunkuyar da kai.

"Ki faɗa mini, ba faɗa zan yi ba. Mi na yi miki?"

A nan kukan ya ɓalle. Ta faɗi komai: tagar da aka ce Inna ta sa a toshe, Rahila da aka ce Inna ta kora, aikin da aka ce Inna ba ta so. Tsohuwar ta yi salati ta riƙe baki.

"Wallahi ban san da zancen taga ba sai da na ga magini yana wanke hannu. Da na tambayi Attahiru, sai ya ce mini ke kika ce sanyi na damunki. Baƙuwa kuwa ban taɓa jin an yi ba. Aiki kuma, ni ya ce wa kin fasa, wai kin fi son zaman ɗaki. Har na ce a raina, Allah sarki, an yi asarar karatu." Sannan ta miƙe ta ce, "Tsaya."

Ta fita, ta dawo da wata ambulan mai ruwan ƙasa. "Bara da kaka ya ba ni wagga, ya ce takardar gona ce, in ɓoye masa cikin kwallata. Ni ban iya boko ba. Duba mini."

Wasila ta kunna fitila. Sunanta ne a jiki. An ba ta aikin koyarwa a wata firamare a Gusau, an ce ta kama aiki a watan Satumba na 1976. Ta karanta sau uku. Duk Juma'ar da ta tare shi da tambaya ya ce mata shiru, takardar tana nan cikin gidan, tsakaninta da ita bango ɗaya.

Ta durƙusa ta kama ƙafar tsohuwar. "Inna, ki yafe mini. Na ɗauki alhakinki."

"Tashi. Ba ke kika ɗauka ba."

Ran Juma'a Attahiru ya iso da fara'arsa, ya ɗauro turmin atamfa a bayan babur. Da ya shiga ɗaki ya tarar da ita zaune, ambulan na kan gado. Yana ganinta ya tsaya cak.

"Mun ji ka a rediyo, Malam. Ka iya magana."

"Wasila, ki bari in yi miki bayani."

"Ina ji."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce ranar da takardar ta fito, Yaya Dalhatu ya fara nuna wa. Dalhatu ya ce in matarsa ta fita aiki, to ba shi ba shi, ya nemi wani ɗan'uwan. "Shi ya riƙe ni tun ina aji uku, shi ya tsaya mini har na zama malami. Na kasa yi masa musu. Ke kuma na kasa kallon idonki in ce na karya alkawari. Tagar ma shi ya ce, ni kuma na kira magini."

"Sai ka jingina wa Inna."

"Na san ba za ki taɓa tambayarta ba."

"Labarin fa?"

"Da niyyar sa sunanki na kai shi. Da na zo rubuta suna sai na tuna, in Yaya ya ji sunan matar gidan nan a rediyo..."

"To, na yarda tsoron Yaya ne ya sa ka cire sunana. Tsoron wa ya sa ka ce ka zauna ka yi nazari?"

Ya ce a hankali, "Daɗin yabon na ji."

"Ka karanta shi a nan, a kan gadon nan, har idonka ya yi ja. Na zaci kukana ka ji. Ashe haja ka gani." Ta share fuska. "Katangar gidan nan ba ta ci amanata ba, Malam, don ba ta taɓa yi mini alkawari ba. Yaya ma bai yi mini ba. Kai ka yi. Gobe zan tafi gida."

Washegari da safe ta ɗaure kayanta. Tana tunanin yadda za ta ratsa zaure uku ita kaɗai, sai ta ga Inna Uwani tsaye a tsakar gida da mayafi da takalmi.

"Mu je. Gidan nan aka kawo ki amana, ni zan mayar da ke hannun ubanki."

A zauren farko suka tarar da Dalhatu zaune kan buzu. Ya miƙe da sauri.

"Inna, ina zuwa haka da rana tsaka?"

Ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne. "Kai babba, ubanku ya ɗauko ni daga Kucheri ya rufe ni a nan shekara arba'in, ban ce komi ba, don bai taɓa ce mini zai buɗe ba. Wagga kuwa alkawari aka yi wa ubanta da sunan Allah, kai ka sa ƙanenka ya karya. Kauce mini."

"Inna, mutane za su ce mi?"

"Su ce Uwani ta ga rana."

Ya kauce.

Suka shiga mota a tasha. Tsohuwar ta manne da taga tana kallon gonaki. Da suka zo daidai dutsen Kwatarkwashi ta dafa hannun Wasila ta ce, "Ashe haka girmansa yake? Tun ina amarya nake jin labarinsa." Wasila ta juyar da kai don kada a ga hawayenta. A Gusau suka sake mota, kafin azahar suna Bungudu.

Malam Muhammad Sani ya saurari komai daga bakin Inna, bai katse ta ba. Da ta gama ya yi mata godiya, ya dubi 'yarsa ya ce, "Shiga ciki ki huta."

Sau biyu Attahiru yana zuwa biko da abokansa, ana ba su ruwa ana sallamarsu. A na uku ya zo shi kaɗai. Tsohon ya sa aka kira Wasila, ta zauna bayan ƙyaure.

"Attahiru," in ji shi, "ni manomi ne, ban san gasa ba, ban san rediyo ba. Abin da na sani, wanda ya ci iyakar gonar wani, a gaban mutane yake mayar da ita, ba a ɓoye ba. Ke Wasila, mi kika ce?"

"Baba, abin da ka ce shi ne. Inda ya je ya faɗi ƙarya, ya koma can ya faɗi gaskiya. Kuma ba zan koma bayan zaure uku ba."

Attahiru ya ce, "In na yi haka, mutuncina ya zube a Gusau. Ɗalibaina ma..."

"To, ka zaɓa," in ji tsohon.

Ya tafi, aka yi wata biyu ba labarinsa. Watannin nan sun fi wa Wasila zaman Tsafe ɗaci, domin duk da abin da ya yi, sonsa bai fita ranta ba. In ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta kasa kunne. Matan unguwa suka fara cewa ai ga abin da boko ke jawowa, mace ta bar ɗakinta saboda takarda. Ba ta tanka wa kowa ba. Tana taya mahaifiyarta surfe, tana kai kukanta ga Allah.

A cikin haka Rahila ta zo. Tare suka yi makaranta, ita tana koyarwa a Gusau. Ta rungume ta ta ce, "Sau biyu na je Tsafe, mijinki ya ce mini ba ki da lafiya. Kawo takardar nan, har yanzu malamai ake nema." Rahila ta kai takardar ofishin ilimi, ta yi ta sintiri har aka sabunta ta.

Wata Laraba da la'asar, Wasila na tsinke zogale, sai ta ji muryar Attahiru daga rediyon mahaifinta a zaure.

"Jama'a, na zo ne in mayar da abin da ba nawa ba. Labarin nan da aka yaba mini, matata Wasila Muhammad Sani ce ta rubuta shi. Ɗakin da ke ciki ɗakinta ne, wanda ya rufe ta kuwa ba uwar miji ba ce, ni ne. Ina neman gafararta, da ta mahaifiyata."

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Ƙungiyar ta karɓe takardar yabon ta sake rubuta ta da sunan Wasila. A makaranta ɗalibai suka yi ta raɗe-raɗi in ya juya baya, abokan aiki suka daina kiransa wajen shan shayi. Dalhatu ya yi shekara guda bai amsa gaisuwarsa ba, sai da Inna ta ce in bai amsa ba ita ma kada ya ƙara gaishe ta.

A farkon 1978 Wasila ta koma ɗakin mijinta, ciki da falo a Tudun Wadar Gusau. Ta kama aiki, aka ba ta 'yan aji ɗaya su sittin da wani abu. Ranar da ta dawo daga aikin farko, hannunta duk alli, muryarta ta dishe, ta tarar ya riga ta dawowa ya ɗebo ruwa ya cika randa. Ya tsaya yana kallonta.

"Wasila, kin yafe mini?"

"Na yafe tun ina Bungudu."

"Amma har yanzu in na faɗi magana sai kin dube ni sau biyu."

"Yafiya daban, yarda daban, Malam. Yarda kamar gashin kai ce. Aski ɗaya ke kwashe ta, tsirowa kuwa sai an jira."

Ya ce, "Zan jira."

Kuma ya jira. Ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Sai da aka haifi ɗansu na biyu, Aminu, sannan wata rana ya lura ya ce mata zai yi tafiya Sakkwato, ta ce Allah ya kiyaye, ba ta ɗago ta dube shi ba. A ranar ya san an mayar masa da abin da ya zubar.

'Yan'uwa, mace tana iya jure katanga mai tsawo, amma da wuya ta jure ƙaryar wanda ta ba amanar ranta. Namijin da ke tsoron ɓacin ran danginsa fiye da tsoron Allah, a kan matarsa zai sauke tsoron nan, ko da kuwa yana sonta. Haƙuri kuma ba shi ne a danne ka ka yi shiru ba. Wasila ta yi haƙuri, ba ta zagi kowa ba, ba ta wulakanta kowa ba, amma ba ta yarda an kira ƙarya gaskiya ba. Shi ya sa Allah ya mayar mata da aikinta, da sunanta, da mijinta. Allah ya ba mu ikon riƙe alkawari.